Yadda Ake Haɗa Kwayil Mai Kunna Ƙwai Ba Waya, da Yadda Ake Gane Ko Wutar Kyauta Ce

Tun da man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 2023, da wuya mako ya wuce wani bai turo min bidiyo ta WhatsApp ba: an naɗa waya a jikin bututu (wannan naɗin shi ne kwayil), an liƙa mata kafasito (ɗan abin da ke ajiye caji), an matso da wani naɗin kusa, sai ga ƙwai ya kama. A ƙasa kuma an rubuta wai an tono sirrin Nikola Tesla, masanin lantarkin nan na da, wuta kyauta har abada, ba NEPA ba janareta. Tambayar da ke biyo baya ba ta sauyawa: "Malam, za ka iya haɗa mana irinsa?"

Zan iya, kai ma za ka iya, da kayan da ba su fi cikin tafin hannu ba. Rabin abin da ke cikin bidiyon gaskiya ne, ƙwai yana kamawa ba tare da waya ta taɓa shi ba. Ɗaya rabin, wato cewa wutar da ke fita ta fi wadda ta shiga, shi za mu ɗora a kan mita mu gani. Gwajin da zan nuna maka da batir mai volt 9 ake yin sa, ko yaro ya taɓa ba abin da zai same shi.

Abin da ke gudana tsakanin kwayil da kafasito

Ka taɓa tsayawa ka kalli mai shayi yana sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan? Haka kwayil da kafasito suke yi da ƙarfin lantarki idan aka haɗa su. Kafasito ya cika, ya juye wa kwayil, kwayil ya riƙe abin a matsayin maganaɗisu, sannan ya mayar wa kafasito. Suna da saurin da ya dace da su, gwargwadon girman kowannensu. Idan ka riƙa ba su 'yar turawa daidai da wannan saurin, kamar yadda ake tura yaro a kan lilo, kaɗawar sai ta yi ta girma. Wannan haɗuwar ita masana ke kira rezonans, kuma da ita rediyonka ke ware tasha ɗaya daga cikin tarin tashoshi. Sai dai ka riƙe abu guda tun yanzu: duk yawan sheƙawar mai shayi, shayin bai taɓa ƙaruwa ba. In ma an samu canji, ɗigowa yake yi a kan tebur.

Lissafin saurin ba shi da wuya. Ka ninka girman kwayil a maikrohenri da girman kafasito a maikrofarad, ka fitar da tushen murabba'in abin da ya ba ka, sannan ka raba 159 da shi. Amsar a kilohaz take. Kwayil ɗin da za mu naɗa zai kai kimanin maikrohenri 25, kafasiton kuma 0.1 ne. 25 sau 0.1 ya ba da 2.5, tushensa 1.58, sai 159 a raba da 1.58 ya ba da kusan 100. Ke nan wutar za ta riƙa kai-kawo sau dubu ɗari a daƙiƙa guda. Cajar waya marar igiya irin ta tsarin Qi a wannan unguwar take aiki, daga kilohaz 110 zuwa wajen 205.

Kayan da za ka nema

Yawancinsu za ka same su a shagunan kayan rediyo na Sabon Gari a Kano, ko wajen mai gyaran talabijin na unguwarku, wanda tsofaffin allunan da ya jibge a ƙarƙashin benci taska ce ga mai wannan sha'awa.

- Wayar jan ƙarfe mai banish, geji 23 ko 22, mita 8. Masu naɗin fanka da injin ruwa suna sayarwa.
- Guntun bututun roba mai inci 4, a yanka gida biyu, kowanne faɗin yatsa uku.
- IC, wato ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu takwas, mai lamba NE555.
- Rezisto, wato abin rage gudun wuta: biyu masu om 1,000, ɗaya mai 2,200, ɗaya mai 100.
- Boliyum, wato rezisto mai murɗawa, mai om 10,000, in da hali a ƙara da ƙarami mai 1,000.
- Kafasito: uku masu lamba 104 (shi ne maikrofarad 0.1 ɗin da muka yi lissafi da shi), sai 102 ɗaya, 103 ɗaya, 105 ɗaya, da mai maikrofarad 100 da mai 10 irin masu kamar gwangwani.
- Jan ƙwan LED, diyod 1N4148 (mai barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai), batir, mita, ƙarfen soda da dalma, sanfefa, salatif.

A kan kafasito biyu masu 104 da za su zauna da kwayil, kada ka yi araha. Ka nemi na leda, waɗannan kore ko jajaye masu kamar alewa, ba ƙananan masu kamar ƙwayar magani ba. Ƙananan suna shanye wuta a wannan saurin, girmansu kuma yana sauyawa da zafi. Batir kuwa, ɗan ƙaramin nan mai kusurwa huɗu zai yi, amma ba ya daɗewa. AA guda shida a jere sun fi. In kana ciro kaya daga tsohuwar talabijin mai ƙeya, ka bar mai gyaran ya sauke wutar da ke cikin manyan kafasitonta tukuna, suna riƙe ta ko bayan an cire soket.

Naɗin kwayil

Ka huda ƙananan ramuka biyu a jikin bututun. Ka zura bakin waya ta ɗaya, ka bar tsawon ɗan yatsa a waje, sannan ka naɗa zagaye 10, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa, ba hawa kan juna. Ka fitar da ƙarshen ta rami na biyu, ka danne da salatif. Kowane kwayil zai ci kimanin mita uku da rabi. Ka yi na biyu kamar an tsaga kara, domin duk bambancin da ke tsakaninsu zai nisanta saurin kaɗawarsu.

Sai kankare banish. Nan ne mafi yawan masu koyo ke faɗuwa, ni ma na yi asarar yammaci guda a kansa, ina ta zargin IC alhali dalmar ce ta zauna a kan banish ba ta kama ƙarfe ba. Ka goge bakin wayar da sanfefa har ya yi ƙyalli ta ko'ina, ka shafa masa dalma, sannan ka ɗora mita a bakunan biyu. Ya kamata ta nuna ƙasa da om ɗaya.

Haɗa mai turawa

NE555 tsohon hannu ne, tun 1972 yake kasuwa, kuma aikinsa a nan shi ne tura lilon. Ka juya shi yadda ɗan ramin da ke kansa zai kalli sama. Ƙafar da ke sama ta hagu ita ce ta 1, ka sauko zuwa 4, ka tsallaka dama ka hau daga 5 zuwa 8.

Ƙafa ta 1 ta tafi baƙar wayar batir. Ta 8 da ta 4 su tafi ja. Tsakanin ta 8 da ta 7 ka sa rezisto mai 1,000. Daga ta 7 ka jera mai 2,200, sai babban boliyum, sai ƙaramin, su ƙare a ƙafa ta 6. A kowane boliyum ƙafar tsakiya da ta gefe ɗaya za ka yi amfani da su. Ka haɗa ta 6 da ta 2 da guntuwar waya. Daga ta 2 zuwa baƙar waya ka sa 102, daga ta 5 zuwa baƙar waya ka sa 103. Tsakanin ja da baƙa, dab da IC ɗin, ka sa 104 ɗaya da mai maikrofarad 100, ka kula gefensa mai zane ya kalli baƙa. Da wannan haɗin, murɗa boliyum zai kai ka daga wajen kilohaz 57 har sama da 200, ka ga 100 ɗinmu na tsakiya.

Ƙafa ta 3 ita ce mafita. Daga ita ka sa rezisto mai om 100, bayansa kafasito 105, bayansa bakin kwayil na farko. Ɗaya bakin ya tafi baƙar waya. Sannan ka ɗora 104 na leda a kan bakunan kwayil ɗin biyu, kafaɗa da kafaɗa da shi. Amfanin 105 ɗin shi ne ya hana batir zubewa kai tsaye ta cikin kwayil, tunda a wajen wutar da ba ta kaɗawa kwayil waya ce kawai.

Mai karɓa ba shi da wani aiki: kwayil na biyu, 104 na leda a bakunansa, jan LED shi ma a bakunan. Ko ta wane gefe ka juya ƙwan zai kama. Ja na ce, domin yana kamawa da ƙasa da volt 2, fari kuwa sai wajen 3.

Neman wurin da suka haɗu

Ka rage hasken ɗakin. Ka ajiye kwayil biyun suna kallon juna, baki da baki, da tazarar santimita 5, a kan katako ko tabarma, ba a kan teburin ƙarfe ba. Ƙarfe yana shanye kaɗawar ya mayar da ita zafi. Ka sa batir, ka fara murɗa babban boliyum a hankali, a hankali sosai. Wurin da ake nema siriri ne, ɗan motsin yatsa ya isa ka wuce shi. Za ka ga ƙwan ya yi ja-ja, ya haska, ya mutu. Ka dawo baya, ka tsaya inda ya fi haske, ka gyara da ƙaramin boliyum.

Yanzu ka riƙa ja da mai karɓa baya kaɗan-kaɗan kana sake gyarawa. Idan naɗin ya yi kyau, zai ci gaba da haske har wajen santimita 10. Ka sa littafi a tsakani, ko tafin hannunka, hasken na nan. Ka sa murfin tukunya, ya ɗauke. Ka juya kwayil ɗaya ya ba ɗayan gefe, ya ɗauke.

Gwajin da na fi so shi ne wannan: ka mayar da tazarar santimita 5, ka cire ƙafa ɗaya ta 104 ɗin mai karɓa. Ƙwan zai mutu murus, duk da kwayil bai motsa ba. Ba tare da kafasito ba, abin da ke isa kwayil na biyu bai wuce rabin volt ba. Da shi kuwa, wannan 'yar turawar ce ke taruwa zagaye bayan zagaye har ta kai ƙarfin kunna ƙwai. Duk wanda ya ga wannan da idonsa karo na farko sai ransa ya raya masa cewa wuta ta haihu. Ban ga laifinsa ba.

In bai kama ba sam, ka duba banish, ka duba ko ka kirga ƙafafun IC a juye, ka auna batir yana cikin aiki.

Awo, inda maganar take

Wutar da ke shiga ba ta da wahalar aunawa, domin daga batir take fitowa a miƙe. Ka auna volt a bakin batir yayin da abin ke aiki. Sannan ka cire jar waya, ka sa mita a tsakani a ma'aunin mA 200 (mA shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudu). A ce ka ga volt 9 da mA 25. Ka ninka su, ka samu mW 225, wato ƙasa kaɗan da rubu'in wat, tunda mW dubu ne wat ɗaya. Naka lambobin za su ɗan bambanta.

Wadda ke fita kuwa sai ka miƙar da ita kafin ka auna. Ka cire LED. Daga baki ɗaya na kwayil ka sa diyod 1N4148, gefensa mai baƙin zobe yana kallon waje. Daga wannan gefen zuwa ɗaya bakin kwayil ka sa kafasito mai maikrofarad 10 da rezisto mai 1,000, kafaɗa da kafaɗa. Ka sake neman wurin da mita ta fi nuna volt a kan reziston. A ce ta nuna 3.5. Ka ninka 3.5 da kansa, ka raba da 1,000, ka samu wat 0.012, wato kusan mW 12. An zuba 225, an kwashi 12, kashi 5 cikin ɗari ke nan. Sauran ya tafi a ɗumama IC da rezisto da waya.

Za ka iya inganta shi, kuma nan daɗin sha'awar yake: waya mai kauri, kwayil mai faɗi, tiransisto mai ƙarfi a madadin rezisto mai om 100. A 2007 ƙungiyar Marin Soljačić a jami'ar MIT ta Amurka ta kunna ƙwai mai wat 60 daga nisan mita 2, da kwayil biyu masu faɗin santimita 60 da ke kaɗawa kusan sau miliyan goma a daƙiƙa. Abin da ya isa ƙwan kimanin kashi 40 cikin ɗari ne na abin da aka tura, kuma duniya ta yaba musu a kan haka. Ana matsawa kusa da ɗari, ba a taɓa haye ta ba.

To daga ina masu bidiyo ke samo lambobinsu na ninki biyu da ninki goma? Ba duka ne mayaudara ba, da yawansu awo ne ya ruɗe su, kuma za ka iya ruɗa kanka da wannan haɗin da ke gabanka. A kan kwayil na farko akwai kimanin volt 2.9, wutar da ke zagayawa tsakaninsa da kafasitonsa kuma ta kai mA 185, ninki bakwai na abin da batir ke bayarwa. Ninka 2.9 da 185 ka ga kusan 540. Ga shi nan, an zuba 225 an samu 540! Sai dai wannan shayin nan ne dai guda ɗaya da ake ta sheƙawa, kai kuma kana kirga shi sabo duk lokacin da ya wuce. A cikin wannan zagayen, lokacin da volt ya kai ƙololuwa wutar da ke gudu sifili ce, lokacin da gudun ya kai ƙololuwa volt sifili ne, saboda haka ninka su ba ya ba da aikin da za a iya ci. Abin da ke ajiye a ciki gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na jul guda ba (jul shi ne abin da wat ɗaya ke ci a daƙiƙa ɗaya), alhali batirin waya mai mAh 4,000 yana ɗauke da jul sama da 50,000. Ka ɗora masa kaya ka ga yadda zai zube nan take.

Ƙari a kan haka, ƙaramar mitar nan mai araha an yi ma'auninta na AC, wato wuta mai kai-kawo, domin wutar gida mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. A dubu ɗari, abin da ta ga dama take nunawa. Hasken ƙwai ma ba ma'auni ba ne, LED yana haska ɗaki mai duhu da abin da bai kai mA ɗaya ba. Sai kuma masu yaudarar da gangan. Ƙwan nan mai caji da muke saye saboda ɗaukewar wuta yana da batir a cikinsa, da ka haɗa gindinsa da gefensa, ko da jiƙaƙƙen yatsa ne, zai kama. Ka naɗa waya a jikin maganaɗisun lasifika ka taɓa masa, ka gama haɗa bidiyo.

Shi kansa Tesla da ake jingina wa abin, wuta yake son aikawa ba tare da waya ba, ba ƙirƙirar ta daga babu ba. A Colorado Springs a 1899 daga kamfanin lantarkin garin yake jan wutar gwajinsa. Hasumiyar Wardenclyffe da ya fara ginawa a Long Island a 1901, da dala 150,000 na attajirin nan J. P. Morgan, injin da ke cin kwal aka tanadar mata. An rushe ta a 1917.

Gwajin da ba ya karɓar uzuri

Idan abu yana fitar da fiye da abin da yake ci, to ya ciyar da kansa mana. Ka samo kafasito mai maikrofarad 4,700, ka haɗa shi kafaɗa da kafaɗa da batir. Ka cire reziston da ke kan mai karɓa, ka jawo wayoyinsa biyu zuwa kan wannan babban kafasito, fozitif da fozitif, negetif da negetif. Sannan ka zare batir. Abin da kafasiton ya riƙe kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jul ne, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu komai zai yi tsit.

Wannan gwajin za ka nema daga duk wanda ya zo maka da janareta marar mai, irin wanda ake tallarsa da batir da mota da altaneta a cikin akwati. Ya cire batirin, ko ku auna cajinsa, ku ɗora masa dutsen guga ku kulle ɗakin kwana biyu, ku dawo ku sake aunawa. Za ka ji uzuri iri-iri, banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Cibiyar Kimiyya ta Faransa tun 1775 ta yanke cewa ta daina duba injinan da aka ce suna juya kansu har abada. A 2006 kamfanin Steorn na birnin Dublin ya sayi shafi a mujallar The Economist yana ƙalubalantar masana su zo su gwada nasa. Alƙalan da shi da kansa ya tara suka sanar a 2009 cewa ba a nuna musu wata wuta da ta ƙaru ba.

Abu biyu kada sha'awa ta kai ka gare su. Kada ka taɓa taransifomar da ake cirowa daga murhun maikrowef don haɗa babban kwayil mai tartsatsi, tana ba da volt wajen 2,000 da ƙarfin da ke kashe mutum a taɓawa ɗaya. Kada kuma ka kai kwayil ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki da sunan tsintar wuta, sata ce, kuma wutar tana tsallako iska.

Wanda ke aiki ba batir da gaske

Akwai haɗi ɗaya da za ka yi wanda ba ya buƙatar batir ko kaɗan, kuma ya girmi kakanninmu: rediyon kiristal. Ka ciro baƙin sandan nan mai naɗin waya da kafasiton neman tasha daga mataccen rediyo, ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa. Gefe ɗaya ya tafi ƙarfen da ka kafa a ƙasa mai laima, ɗaya gefen ya tafi doguwar waya mai mita 15 zuwa 20 da ka ɗaure a sama. Daga gefen doguwar wayar ka sa diyod na jamaniyam, 1N34A ko 1N60, sai abin saurare irin na kiristal tsakanin diyod da ƙasa. Iyafis ɗin wayar salula ba zai yi ba, yana buƙatar wutar da ta fi wadda ke akwai. Idan akwai tashar AM mai ƙarfi kusa da garinku, za ka ji murya siririya a kunnenka, musamman da dare. Wutar da ke motsa wannan muryar 'yan kaso ne cikin miliyan na wat, kuma daga injin gidan rediyon ta taso, su suka sayi dizal ɗin.

Ka ɗaure doguwar wayar nesa da wayoyin NEPA, yadda ko ta tsinke ba za ta faɗa kansu ba. Da ka ga hadari ya haɗo, ka cire ta daga rediyon ka haɗa ta da ƙarfen ƙasa a waje kafin a fara walƙiya.